Ranar da Aka Ce Baba Ya Faɗi Sunana

Tun da na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ba faɗa muka yi ba, kuma ba mantuwa gare shi ba. Mutumin da ya san kowace saniya da ta taɓa ratsa kasuwar Lolo, har da uwarta da bijimin da ya taɓa tunkuyinta, ba zai manta da sunan mutum ba. Laifina guda ne, ni ce 'yar fari. A gidanmu da gidajen danginmu, tun daga Bahindi har ƙetaren iyaka, ɗan fari abin jin kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a ma nuna an san yana gidan. In Baba yana son ruwa kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi turmi ya ce, "Wai babu mai ba mutum ruwa gidan ga?" Turmi bai taɓa tashi ba. Ni nake tashi.

Inna ta fi shi. Ita "waccan" take ce mini. Ranar da take jin daɗina sai ta ƙara mini girma, ta ce "waccan mai dogon wuya." Ƙannena kuwa sunayensu har sun kusa ƙarewa don kira.

Abin bai taɓa sa ni kuka ba, mamaki dai yake ba ni. Na sha kafa musu tarko don in ji ko zai suɓuce. Na taɓa shigewa rumbu na yi lamo wuni guda, ina jiran a fita nemana da ihu. Aka fita neman, amma sai aka aika aka kira Goggo ta zo ta yi ihun. Na taɓa kawo wata ƙawata mai suna irin nawa gida, na tsayar da ita gaban Baba, na ce ta gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi iyayenta, daga ranar sunanta ya koma "ƙawar waccan." Yarinya ta shigo gidanmu da suna ta fita babu.

Goggo ƙanwar Baba ce, tana sayar da shinkafa da busasshen kifi a Bahindi. Ita ce bakin gidanmu a duk abin da ya shafe ni. In ta kira sunana a Bahindi, jandarmomi, 'yan sandan ƙetare, suna waigowa.

Da na gama sakandare na ce likitanci nake so, kuma a babbar jami'ar nan ta birni wadda kowa ke rububinta. Malamanmu sun ja mini kunne. Suka ce kujerun likitanci a can kamar a zuba tsaba a tafin hannu ne a kira duk kajin jihar Kebbi. Na faɗi haka a gida, ina kallon turmi ni ma don in bi tsari. Baba bai ɗaga kai daga carbinsa ba. Inna ta ce da ƙanwata, "Ki ce wa waccan miya na ƙonewa."

Na ɗauka zancen ya mutu. Ashe daga ranar Baba ya buɗe bincike a kasuwar Lolo. Duk wanda ya gani da biro a aljihu sai ya ja shi gefe, daga malamin dabbobi har direban da ya taɓa kai kaya ƙofar jami'ar. Kuma kullum da kalma guda yake farawa: "Wani abokina ne ke da yarinya." Kafin damina ta yi nisa duk Lolo ta san wannan aboki. Masu sayar da fura suna tambayarsa, "Alhaji, ya abokinka da ɗiyarshi? Ta ci jarabawar?" Shi kuma ya amsa da fuska a ɗaure, "Ban gan shi ba kwana biyu."

Labaran da yake kwasowa ba sa jituwa. Wannan ya ce sai da babban mutum, wancan ya ce yanzu na'ura ke zaɓa, ba ta san babban kowa ba. Wani ya rantse masa cewa ba sa ɗaukar mai hagu, Baba ya dawo gida ya zauna yana satar kallon hannun da nake tuƙa tuwo da shi. A ƙarshe dai ya tace abin da kansa, ya bayyana wa Goggo a zaure da ƙarfin da zai kai har ɗakinmu. Ya ce shiga jami'a kamar tsallakar da shanu ne. Akwai jarabawar da kowa ke yi, wannan shi ne kogi. Akwai wadda jami'ar ke yi da kanta, wannan shi ne tudu bayan kogi. In saniya ta haye duka biyu, to saura masu duba takardu, kuma su ne ba a san halinsu ba.

Ranar duba sakamako mu uku muke zuwa shagon mai kwamfuta a Bagudo. Baba ya tsaya bakin ƙofa yana nazarin sararin sama kamar an ba shi aikin ƙirga gajimare. Mai shago ya ce, "Sunan ɗaliba?" Goggo ta faɗa, takardun da ke kan teburin suka motsa. Inna ita ba ta taɓa raka mu ba, amma duk safiyar jarabawa nakan tarar da ƙoƙon rubutu a bakin ƙofar ɗakinmu da dabino a gefe. In na tambaya sai ta ce, "Wani ne ya manta da shi nan. Kar dai a bari shi lalace." Na sha rubutun da wani ya manta har na fara jin in na yi atishawa tawada za ta fito.

Na haye kogi, na haye tudu. Sai saƙo ya zo cewa masu neman kujerun da aka ware wa 'yan jiha su zo tantancewa, kowa da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Dalili kuwa, an ce wasu na zuwa daga nesa su samo takardar zama 'yan ƙaramar hukumar bakin iyaka, su zauna a kujerar da ba tasu ba. Wanda bai tsallake wannan zama ba, duk makin da ya ci ya tafi a banza, sai ya jira wata shekara.

Inna ta ce ita ƙafarta na ciwo, kuma ciwon ya fara ne daidai lokacin da aka gama karanta saƙon. Saboda haka Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah, Goggo ta ɗaura ɗankwalin da sai ta sunkuya take shiga mota, muka kama hanya da safe. Babu wanda ya damu. Bakinmu yana tare da mu.

A ƙofar zauren tantancewar mai gadi ya miƙa hannu ya tare Goggo.

"Ɗaliba da uba ko uwa kawai, Hajiya."

"Ni ce uwar."

"Ke ce kika haife ta?"

"Ni na yanke mata cibi, ni na yi mata kitson fari, ni ke kiran ta in ta ɓace. Mi ya rage?"

"Haihuwar," in ji mai gadi. Ya nuna mata inuwar dogonyaro.

Goggo ta tafi tana faɗa wa bishiyar ra'ayinta game da masu gadi. Na dubi Baba, na ga wuyansa ya motsa kamar mai haɗiyar lomar da ba a tauna ba.

A kan bencin jira na ga abin da ban taɓa gani ba: iyaye suna yabon 'ya'yansu a bainar jama'a. Wani Alhaji mai ƙamshin turare ya dafa kafaɗar ɗansa, ya kira sunansa sau ba adadi, ya ce yaron tun yana rarrafe yake gyara wa likitoci kuskure. Wata mata ta ce tata 'yar ba ta barci, ba ta cin abinci, littafi kawai take ci. Baba ya kawar da kai kamar wanda ya ga mutum na wanka a tsakiyar kasuwa. Can Alhajin ya juyo gare shi, ya nuna ni da haɓa.

"Taka ce wannan?"

"Mota guda dai munka shigo," in ji Baba.

Aka kira mu. Mutum biyu ne a bayan tebur: wani dattijo da tabarau a kan tsinin hanci, da wata mata mai biro a hannu wadda ke da fuskar malamar da ta san ka yi laifi amma tana jira ka gama ƙarya. Dattijon ya buɗe takarduna, ya gyaɗa kai da ya ga makin. Na fara jin ƙamshin farar rigar likita.

"A ina aka haife ki?"

Na faɗi sunan ƙauyen.

"Wannan ai ba cikin Najeriya yake ba."

Na yi masa bayani. Haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yin ta, kuma iyayen Inna a ƙetare suke, tsallaken ruwa kaɗan. Da aka yaye ni kuma, kamar yadda ake yi wa ɗan fari, aka bar wa Kaka ni har na isa shiga makaranta. Mu wannan ba labari ba ne. Rabin 'yan ajinmu kakanninsu na can, muna zuwa suna da biki kamar yadda ake shiga maƙwabta ɗebo wuta.

"Kina jin Faransanci ke nan?" in ji matar.

Mai hankali da sai ya ce kaɗan, ya yi shiru. Ni kuwa bakina ba ya son a raina shi. Na gaishe su da Faransancin kasuwa, na ƙara da Dandanci, na kwaikwayi yadda jandarma ke tsayar da kwalekwale. Matar ta danne dariya. Dattijon ya cire tabarau ya ajiye, ya juya ga Baba.

"Alhaji, wannan yarinya da kai take da haƙƙin kujerar nan, tunda kai ne ɗan jiha. 'Yarka ce?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke juyi. "To, gidanmu dai take, ranka shi daɗe."

"Mene ne sunanta?"

"Ai yana nan rubuce gabanka."

"Na gani. Daga bakinka nake son ji."

Fanka ta zaga, ta sake zagawa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, tsoro da ɗoki suka haɗu suka kama ni lokaci guda. Tarkon da na yi shekaru ina kafawa bai kama ba, ga jami'a ta kafa shi a banza. Na baza kunnuwa har na ji ɗankwalina ya matse.

"To bar sunan tukuna," in ji matar, tana son ta taimaka. "Wace irin yarinya ce a gida?"

"Ba ta da wani abin a zo a gani," Baba ya ce wa fanka. "Tana dai cin abinci."

Na yi wuf na ce, "Yallaɓai, ni 'yar fari ce, a wurinmu ba a..."

"Na sani," dattijon ya katse ni, ba da faɗa ba. "Ni ma ɗan fari ne. Mahaifina har ya koma ga Allah 'kai yaro' yake ce mini. Amma kwanan nan aka kawo mana wani uba da aka ɗauko haya daga tasha. Da ya manta sunan yarinyar, shi ma cewa ya yi kunyar ɗan fari ce. To ni yaya zan bambance? An haife ki a ƙetare, kin tashi a ƙetare, wanda ya rako ki bai ce ke tasa ce ba." Ya rufe takarduna ya tura su gefe. "A kira na gaba."

Sai a lokacin ɗokin ya gudu ya bar ni da tsoro tsantsa. Na ga farar rigar ta tashi ta bi ta taga. Na ga kaina a Bahindi ina auna wa Goggo shinkafa har tsufa, ina ba jikokin wasu labarin makin da na taɓa ci. Na miƙe. Baba bai miƙe ba. Zufa ta jiƙa wuyan babbar rigarsa, alhali ɗakin sanyi ƙalau. Ya dubi bango, ya yi gyaran murya.

"A ce wa waccan ta hita."

Babu wanda ya ce mini. Na fita da kaina.

Ina fita na kwasa da gudu na zaga bayan ginin. Goggo ta hango ni daga gindin dogonyaro, ta tattare zane, ta tsallake shingen furanni kamar ba ita ke kukan ciwon gwiwa ba. Muka sami tagar. A rufe take ruf, gilashi ne, kuma a ƙarƙashinta aka girke injin na'urar sanyaya ɗaki, yana ruri kamar babbar motar da ta maƙale a laka. Na manna kunne a gilashi. Ban ji komai ba sai rurin. Wanda ya ƙera wannan inji, ni da shi sai a gaban Allah.

Amma na gani. Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban baƙi ba. Ya juyar da kujerarsa har ya kusa ba su baya. Leɓɓansa suka motsa kaɗan.

"Wallahi ya hwaɗa!" Goggo ta damƙe mini hannu. "Ya hwaɗa! Ko kuma tari ya yi."

"Goggo, wanne ne?"

"Ina zan sani, ni ma ban taɓa gani ba!"

Ba tari ba ne, don bakin bai tsaya ba. Ya ci gaba da magana, yana kallon hularsa. Ya nuna bayan kunnensa na hagu. Ya yi da hannu kamar mai tuƙa kwalekwale. Matar ta ajiye biro. Dattijon ya mayar da tabarau, ya sake cirewa. Baban da ba ya haɗa mini jimla biyu a rana, ga shi yana zuba kamar an fasa madatsa, ni kuma ina tsaye kamar kurma a gidan biki.

Da na ga matar ta miƙe na sake kwasa da gudu na koma bencin, na zauna na haɗa hannuwa kamar tun ɗazu tasbihi nake. Ta leƙo ta kira ni, ta ja ni wani lungu a bayan ƙofa.

"Ɗaga hijabinki in ga bayan kunnenki na hagu."

Na ɗaga. Akwai tabo a wurin, ɗan siriri, gashi ya rufe shi. Ni kaina sai da madubi biyu nake ganinsa.

"Daga kan mangwaron kakarki kika faɗo," in ji ta.

"Eh. Amma Baba ba ya nan ranar. A ƙetare ne."

"Yana nan. Labari ya same shi a kasuwa, ya bar shanu a hannun mutane, ya shiga kwalekwale ruwa na cike. Da ya isa bai iya shiga ba, gidan surukai ne, kuma ke ce. Sai ya tsaya a bayan danga. Ya ce da shuɗin ɗankwalin kakarki aka ɗaure miki kai. Ya ce bai bar wurin ba sai da ya ji kin daina kuka kin fara rigimar a ba ki fura, sannan ya koma bakin ruwa ba wanda ya gan shi."

Na tuna ɗankwalin. Na tuna furar ma, don ban taɓa manta abinci ba. Dangar ce ban taɓa waiwaya ba.

Amma son sani bai bar ni ba. Na ce, "Hajiya, don Allah, sunan fa? Yaya ya faɗe shi?"

Ta dube ni, ta yi murmushi. "Sau ɗaya. A hankali, kamar mai sauke tulu cike da ruwa."

"Ki ɗan kwaikwaya mini."

"Ke, wuce ciki, mutane na jira."

A ciki dattijon ya riga ya jawo takarduna gabansa. Ya buga hatimi, ya ce, "Wannan ba daga tasha aka ɗauko shi ba. Na haya ba ya yin irin wannan zufa." Ya dubi Baba. "Alhaji, ka yi haƙuri, aiki ne." Baba ya mayar da hula, ya ce babu komai, ya fita da sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

A mota Goggo ba ta bar shi ya huta ba. "Yaya, buɗe bakin in gani, bai kumbura ba? Harshen na nan? In biya kasuwa in sawo maka man shanu ka shafa?" Baba ya dubi bayan kujerar direba ya ce, "A ce wa waccan ta ja gilashi, iska na shigowa." Da muka isa gida Goggo tun daga zaure ta fara shela. Inna ta fito da ƙafarta da ta warke sarai, ta ji abin da ya faru, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Gabanta ya hwaɗa?"

"A'a, ya sa ta hita."

"To da sauƙi," in ji Inna. Da ta zuba tuwon dare na ga naman da ke cikin kwanona ya fi na kowa. Ta ce hannunta ne ya kuskure.

Bayan 'yan makonni sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito, nawa yana ciki. Goggo ta karanta shi a shagon mai kwamfuta, ina jin har a Matsinkai an amsa. A kasuwar Lolo masu fura suka yi wa Baba barka, suka ce ya isar wa abokinsa. Ya ce in ya gan shi zai faɗa masa.

Ranar tafiyata ya raka mu tasha, wai yana da wani uzuri a can. Aka ɗaure jakata a saman mota. Ya zaga, ya tsaya daidai tagar da nake, ya sunkuyar da kai ya dubi tayar baya.

"Duk wanda ya tahi karatu, shi yi karatu," ya ce wa taya. "Ban da hawan itace."

Taya ba ta amsa ba. Na ce, "To, Baba."

Har yau ban ji ba. Mutum biyu a duniya sun ji sunana a bakin mahaifina, kuma dukansu ba dangina ba ne. Wani lokaci a aji nakan gwada shi a raina da muryarsa, in ja farkon, in ja ƙarshen, ba wanda ya zauna daidai. Amma ban haƙura ba. Wata rana gwiwarsa za ta fara ciwo kamar ta kowa, zai zo asibiti, kuma ni zan shirya da mai ba da kati ya tambaye shi wace likita yake son gani. Na riga na gaya wa Goggo, ranar ta yi zamanta a Bahindi.